Siffofin Masu Rai a Darasin Kimiyyar Firamare: Gwajin Jerin Siffofi da Misalai daga Muhallin Yaron Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki jerin siffofin da ake koya wa ɗaliban firamare don su bambance mai rai da marar rai, ta gwada shi da abubuwan da yaron ƙasar Hausa ke gani a gida da gona: wuta, irin shuka, gyaɗa, gawo, gaiwa da alfadari. Ta nuna cewa babu siffa ɗaya a jerin da ke iya yanke hukunci ita kaɗai, kuma buɗe darasi da motsi yana ƙarfafa kuskuren da yaro ya zo da shi, wato fitar da tsirrai daga sahun masu rai. Ta ba da shawarar a gina darasin a kan girma, sarrafa abinci da gadon kamanni.

1.0 Gabatarwa

Darasin masu rai da marasa rai yana cikin na farko da ɗalibi ke cin karo da su a manhajar kimiyya ta matakin farko, wadda hukumar NERDC ta tsara wa shekaru tara na ilimin bai-ɗaya a Nijeriya. A kansa ake ɗora darussan jikin mutum, noma, tsabta da cututtuka. Yadda aka saba koyar da shi sananne ne. Malami ya jera siffofi bakwai a allo: motsi, numfashi, cin abinci, ji-da-martani, girma, fitar da tarkacen jiki da hayayyafa. Wasu littattafai su ƙara mutuwa ta zama ta takwas. An kuma tattara haruffan farko na sunayen siffofin da Ingilishi an haɗa "MR NIGER D" don sauƙin hadda, dabarar da ba ta da amfani ga yaron da ake koya wa da Hausa.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi biyu. Ta farko: idan aka ɗora jerin a kan abubuwan da ke kewaye da ɗalibi, a ina yake kamawa, a ina yake suɓucewa? Ta biyu: da wace siffa ya kamata a fara?

2.0 Waiwaye kan Ra'ayoyin Magabata

Aristotle (384–322 kafin haihuwar Annabi Isa) ya kasa rayuwa mataki uku: na ci da girma da hayayyafa, wanda tsirrai ke da shi, na ji da motsi, wanda dabbobi suka ƙara a kai, sai na hankali, wanda ya keɓanta ga mutum. Ibn Sina ya ɗauki wannan kaso ya faɗaɗa shi a falsafarsa. Abin lura shi ne tun a wancan zamani ba a ɗauki motsi a matsayin tushen rai ba. Ci da girma aka sa a ƙasa. Linnaeus (1735) ya raba halitta gida uku: ma'adinai, tsirrai da dabbobi. Robert Hooke ya ga ƙananan ɗakuna a ɓawon wata bishiya ta madubin ƙara girma a 1665, amma sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka tabbatar da cewa tsiro da dabba duk da ƙwayoyin halitta aka gina su. Whittaker (1969) ya kai rukunonin masu rai zuwa biyar, ya ware funfuna da naman kaza daga tsirrai.

Ta fuskar tunanin yaro kuwa, Piaget (1929) ya bayyana matakai huɗu. Da farko yaro yana ba da rai ga duk abin da ke wani aiki ko ke da amfani. Daga nan ga duk abin da ke motsi. Sai ga abin da ke motsi da kansa, kamar rana da iska da kogi. A ƙarshe, kusa da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ya taƙaita rai ga dabbobi da tsirrai. Carey (1985) ta musanta cewa wannan tsani ne da hankali ke hawa da kansa. A ganinta yaro yana ɗaukar mutum a matsayin ma'auni, yana auna sauran halittu da shi, saboda ƙarancin sanin ayyukan cikin jiki. Hatano da abokan aikinsa (1993) sun kwatanta yaran Japan, Isra'ila da Amurka, suka tarar yaran Isra'ila sun fi hana tsirrai rai, na Japan kuma sun fi ba marasa rai siffofin masu rai. Masu binciken sun danganta bambancin da harshe da al'ada. Wandersee da Schussler (1999) sun yi magana kan makantar-tsirrai, wato yadda ido ke wuce bishiya ya tsaya a kan tsuntsun da ke kanta.

A Nijeriya, aikin shekara shida na Ife da Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da kimiyya da lissafi da Yarbanci, kuma ɗalibansa ba su kasa takwarorinsu da aka koyar da Ingilishi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karatun firamare da harshen uwa ko na muhalli. Dalziel (1916) ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, abin da ke nuna akwai kayan aiki a harshen tun fiye da ƙarni guda. Giɓin da wannan maƙala ta duba shi ne na misalai: abin da za a ɗora jerin siffofin a kansa.

3.0 Hanyar Nazari

Maƙalar ta bi hanyar gwajin ma'ana da misalan bakin-iyaka. An ɗauki kowace siffa an yi mata tambaya biyu: akwai marar rai da ke da ita? Akwai mai rai da ba a ganinta a jikinsa? An zaɓi misalan bisa sharuɗɗa uku: su kasance a yankin savana na Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, yaro ya iya ganinsu ba tare da na'ura ba, kuma bayaninsu ya kasance tabbatacce a ilimin halittu. Ba a bai wa siffofin fili daidai-wa-daida ba, domin ba duka ke rikitar da yaro ba.

4.0 Nazari

4.1 Motsi

Motsi ne kan gaba a jerin, shi ne kuma mafi rauni. Babur yana motsi, guguwa tana motsi, kogi yana gudu. Kuka kuwa tana nan inda kakan ɗalibi ya same ta. Malamin da ya buɗe darasi da wannan siffa ya tabbatar wa yaro matakin Piaget na biyu da bakinsa, sannan ya koma yana neman rushe shi.

Tsirrai suna motsi, amma irin wanda sai an dawo an sake dubawa. Ganyen tafasa da na gyaɗa suna naɗewa da almuru su buɗe da safe. Yaɗon kabewa yana miƙa siririn zare ya nannaɗe duk abin da ya taɓa. Misali mafi kyau yana gonar gyaɗa: furenta rawaya yana fitowa a sama, bayan ya yi barbara sai wani tsinke ya fito daga gindinsa ya sunkuya, ya huda ƙasa, a can ƙwanso zai ƙulla. Yaron da ya taɓa cirar gyaɗa ya san 'ya'yanta a ƙasa suke, sai dai ba kasafai ya san daga sama suka gangara ba. Darwin da ɗansa Francis (1880) sun nuna cewa kan tsiro ne ke jin haske, lanƙwasar kuma a ƙasa da shi take faruwa. Ana iya maimaita ginshiƙin wannan gwaji da wake a gwangwani cikin kwali mai huda ɗaya a gefe. Wannan darasi ne mai kyau, amma muhallinsa bayan ɗalibi ya riga ya yarda cewa tsiro mai rai ne.

4.2 Wuta da matsalar ƙidayar siffofi

Wuta ce babbar jarrabawar jerin. Tana ci, tana girma, tana motsi, tana buƙatar iska, idan aka kife ta da kwano ta mutu, tana barin toka da hayaƙi, kuma tartsatsi ɗaya daga gobarar daji yana haifar da wata. Ɗalibin da aka koya wa ƙidayar siffofi zai ba ta shida cikin bakwai, kuma bai yi kuskuren lissafi ba. Maganar yau da kullum tana goya masa baya, domin a gida ya ji an ce wuta ta ci rumfa, wuta ta mutu, kamar yadda ake cewa mota ta mutu.

Abu biyu ke raba wuta da akuya, kuma babu ko ɗaya a jerin. Na farko, akuya tana cin harawa da dusa ta mayar da su naman akuya da ƙashin akuya. Wuta tana tarwatsa abin da ta ci, ba ta gina jiki mai tsari da shi. Na biyu, gado. Jar akuyar Sakkwato da aka haɗa da bunsurun irinta ja za ta haifa, ko harawa aka ciyar da ita ko ganyen gawo. Wutar da aka ɗebo daga murhun kara aka kunna fitilar kananzir da ita kuwa ba ta ɗauko komai daga uwarta ba. Kamanninta na makamashin da take ci ne. A ƙarƙashin waɗannan biyu akwai ƙwayar halitta da bayanan gado da ke cikinta. Ba kowace firamare ke da madubin ƙara girma ba, amma ba a buƙatarsa kafin yaro ya fahimci cewa akuya akuya take haifa.

Hujjar nan tana warware batun girma ma. Suri yana ƙara tsawo, juji yana ƙara tudu, gini yana tashi, amma duk daga waje ake ɗora musu. Ɗan tsako daga ciki yake ƙaruwa.

4.3 Irin shuka

Idan wuta marar rai ce mai siffofi da yawa, iri mai rai ne da ba a ganin ko ɗaya a jikinsa. Ƙwayar gero a rumbu ba ta motsi, ba ta ci, ba ta girma. Ayyukan cikinta sun yi ƙasa ƙwarai saboda bushewa, amma ba su ƙare ba. Manomi ya san hatsin da aka adana da danshi yana ɗaukar zafi, kuma wannan zafi daga numfashin ƙwayoyin ne da na funfuna da ƙwarin da ke tare da su. Ya kuma san ƙuduji, wanda ake kira wuta-wuta: irinsa yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, ba zai tsiro ba sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Ga ji-da-martani a cikin abin da bai kai ƙwayar yashi girma ba. A 2005 an tsirar da ƙwallon dabinon da aka tono a Masada, kusa da Tekun Gishiri, wanda ya kai kimanin shekara 2000.

Gwajin da ya dace da aji ba shi da tsada. A samu gwangwani huɗu. A na farko a sa ɗanyen wake a kan jiƙaƙƙiyar auduga. A na biyu dafaffen wake a kan jiƙaƙƙiyar auduga. A na uku ɗanyen wake a kan busasshiya. A na huɗu tsakuwa a kan jiƙaƙƙiya. Cikin kwana uku zuwa huɗu ɓawon waken farko zai tsage, farar saiwa ta leƙo ta nufi ƙasa, ko ta wane gefe aka kwantar da ƙwayar. Na uku yana nan yadda yake, amma idan aka zuba masa ruwa a mako na biyu shi ma zai tashi. Tsakuwa ba za ta sauya ba. Dafaffen kuwa zai yi yauƙi, ya yi wari, furfurar funfuna ta rufe shi, kuma kada malami ya yi saurin zubar da shi, domin wannan furfura wani mai rai ne da ba tsiro ba ne ba kuma dabba ba.

Gwangwanayen suna koyar da abin da rabon gida biyu ke ɓoyewa: rukunonin uku ne. Akwai mai rai. Akwai wanda ya taɓa rayuwa ya mutu, kamar turmi, ƙwarya, ƙirgi, tabarmar kaba da auduga. Akwai wanda bai taɓa rayuwa ba, kamar dutse da ƙarfe. Littafin da ya jera kujerar katako da dutse a layi ɗaya bai yi ƙarya ba, amma ya toshe wa yaro hanyar tambayar daga ina katakon ya fito.

4.4 Abincin tsiro

A nan ne tsiro da dabba suka rabu, a nan kuma kuskure ya fi daɗewa. Ana cewa taki abincin shuka ne, don haka yaro yana ɗauka cewa shuka ƙasa take ci ta saiwa. Van Helmont ya gwada wannan a aikin da aka buga a 1648: ya dasa reshe mai nauyin kimanin kilo 2.3 a busasshiyar ƙasa mai kimanin kilo 91, yana ba shi ruwa kawai. Bayan shekara biyar bishiyar ta kai kimanin kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da kimanin giram 60 ba. Ya yanke cewa daga ruwa nauyin ya zo, kuma bai cika daidai ba. Ayyukan Priestley (1771) da Ingenhousz (1779) ne suka buɗe hanyar gane rawar iska da haske. Koren ganye yana haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid da ƙarfin hasken rana ya samar da sukari, ya saki oksijin. Taki yana ba da gishirin-ƙasa irin su naitirojin, fosfaros da fotasiyam, waɗanda shuka ke buƙata kaɗan idan aka kwatanta da nauyinta.

Ga ɗan aji uku, ya isa a ce dabba nemo abinci take, tsiro kuwa haɗa nasa yake a ganye. Zaƙin rake hujja ce da zai iya ɗanɗanawa, tunda babu wanda ya zuba sukari a fadama. Ƙuduji da kauci, masu tsotsa daga jikin wata shuka, togaciya ce da za a ajiye wa manyan azuzuwa.

4.5 Numfashi da fitar da tarkace

Ana yawan gwama shaƙar iska da numfashin ƙwayar halitta, wato ƙona abinci da oksijin don samun kuzari. Daga nan ake samun kuskuren cewa tsiro da dare kawai yake numfashi. Dare da rana yake yi. Haɗa abinci ne ke tsayawa idan rana ta faɗi. Misalin da 'ya'yan manoma suka sani shi ne buhun PICS mai ruɓi uku: idan aka ɗaure bakinsa, ƙwarin wake suna shanye oksijin da ke ciki, su daina ci, su mutu ba tare da an sa magani ba. Dawar da ruwa ya kwanta wa kwanaki tana yin rawaya saboda saiwarta ta rasa iska. Fitar da tarkace ba ta rikitar da yara sosai: gumi, fitsari da iskar da aka fitar sun wadatar a wannan mataki.

4.6 Hayayyafa

Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Doki yana da ɗaurin bayanan gado 64 a ƙwayar halittarsa, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, kuma kusan kullum ba ya haihuwa. Ba wanda zai ce ba shi da rai. Haka fiɗiyayyen sa, haka yaron da ke zaune a ajin. Hayayyafa siffar jinsi ce, ba sharaɗi ba ce ga kowane ɗaya. Jimlar da ta fi inganci ita ce: kowane mai rai daga wani mai rai ya fito. Wannan ta haɗa alfadari, ta haɗa rogo da rake da ake dasa karansu, ta kuma gyara zaton cewa ruɓaɓɓen nama ne ke rikiɗa ya zama tsutsa, alhali ƙuda ne ya yi ƙwai a kai.

4.7 Kama da mutuwa

Yanayin savana yana da watanni masu yawa na rani, kuma masu rai da dama suna ratsa su ta hanyar rage aiki. Kuka tana zubar da ganye ta rayu da ruwan da ta tara a gangar jikinta. Gawo yana yin akasin haka: da damina yake tsayawa fayau kamar busasshe, da rani ya yi kore, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Gaiwa tana nutsewa cikin laka idan fadama ta ƙafe, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama ƙwanso, tana shaƙar iska da huhu ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Abin da Hausawa suka daɗe suna faɗa, cewa gaiwa jikinta take ci, ya dace da binciken masana, domin da tsokar jikinta take rayuwa a wannan lokaci. Ɗalibin da ya ga gawo a watan Agusta ba zai iya yanke hukunci da kallo ɗaya ba. Sai ya kankare ɓawon ƙaramin reshe ya ga kore da danshi, ko ya jira Disamba.

4.8 Rai da ruhi

Akwai wani abu da malami a ƙasar Hausa zai yi la'akari da shi. Yawancin ɗalibansa suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda a babin zane da hoto ake bambance masu ruhi da bishiyoyi, bisa fatawar da aka ruwaito daga Ibn Abbas. Yaro yana iya fahimtar wannan a matsayin cewa bishiya ba ta da rai sam. Babu karo tsakanin darussan biyu, domin tambayoyinsu daban ne: fiƙihu yana magana kan ruhi, kimiyyar firamare kan abin da ke ci, yake girma, yake barin iri. Malamin da ya faɗi haka a fili ya hutar da ɗalibi zaɓe tsakanin malamansa biyu.

5.0 Tasiri ga Tsarin Darasi da Jarrabawa

Bisa wannan nazari, ana ba da shawarar darasin ya fara da gwangwanayen wake, ɗalibai suna auna tsiron da tsinke suna zana shi kowace safiya har mako biyu. Daga nan a shiga tambayoyi uku da za su maye gurbin ƙidaya: daga ciki yake girma? Yana mayar da abin da ya ɗauka ya zama jikinsa? Daga irinsa ya fito? Motsi da ji-da-martani su zo daga baya, jerin siffofi bakwai kuma ya jira aji huɗu ko biyar, lokacin da ɗalibi ke da misalan da zai rataya masa. A kowane misali na dabba a kawo na tsiro kusa da shi, da sunan da yaro ya san shi da shi.

Jarrabawa ma tana buƙatar gyara. Tambayar "kawo siffofi biyar na masu rai" hadda take aunawa, kuma ɗalibin da ya ci ta yana iya fita ya ce kuka ba ta da rai. Tambayar da ke auna fahimta ita ce irin wannan: ga wuta, ga ƙwayar dawa, ga turmi, wanne ne mai rai, kuma mece ce hujjarka? Ana kira ga kwalejojin ilimi da marubuta littattafan firamare su sa irin waɗannan tambayoyi a horon malamai da ƙarshen kowane babi, su kuma tsara darasin ya faɗo a zangon da ake da shuka a gona.